Tsohon Ciwon Idon Sawu: Yadda Tsohon Soja Zai Gano Ainihin Matsalar

Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu da suka ajiye kaki sun zauna nan Kudu, wasu na gadi, wasu na kasuwa a Agege ko Sabo ta Ibadan. Cikinsu akwai masu ɗingishi tun daga wani targaɗe da suka yi a fareti ko a daji shekaru da suka wuce. An ɗauki hoton ƙashi an ce ba karaya, an ba su maganin zafi, amma har yau ƙafar ba ta koma daidai ba.

Abin sani shi ne, hoton ƙashi na yau da kullum ƙashi yake nunawa. Ba ya nuna jijiyoyin da ke ɗaure gaɓa, kuma ƙaramin rauni a guringuntsi yakan ɓuya masa. Don haka "ba karaya" ba ta nufin "ba ciwo". Targaɗe yakan warke cikin makonni. In ya haura wata 3 yana kumbura ko yana zafi, to akwai abin dubawa.

Abubuwan da suka fi haddasa shi

Na farko, sakin jijiyoyin gefen waje. Alamarsa ƙafa ta riƙa turguɗewa ko a ɗan tudu ne, mutum ya daina yarda da ita. Na biyu, rauni a guringuntsin ƙashin da ƙwauri ke zaune a kansa. Shi zafinsa can ciki yake, wani lokaci gaɓar ta riƙa sarƙewa. Na uku, yagewar jijiyoyin da ke bi ta bayan ƙashin idon sawu na waje. Na huɗu, tsagewar ƙashi daga doguwar tafiya da kaya a baya, wadda sau da yawa ba ta fitowa a hoton farko. Na biyar, cinyewar gaɓa, wato amosanin gaɓa, wanda a idon sawu galibi tsohon rauni ne ke jawo shi. Ciwon suga ma na iya kawo zugi ko dindiris a ƙafa, shi ya sa likita kan nemi gwajin jini.

Yadda ake bincike

Likitan ƙashi zai fara da tambaya da dubawa da hannu, ya ja ƙafar gaba ya gwada ta da ɗayar. Daga nan sai hoton ƙashi a tsaye, ana taka ƙafar, domin na kwance yakan ɓoye matsewar gaɓa. In ana zargin jijiya ko guringuntsi, MRI ne ke nunawa. CT kuma ya fi fito da ƙashi dalla-dalla. A kula sosai: duk mai ɓarɓashin harsashi ko na bam a jiki, ko ƙarfen tiyata, lalle ya faɗa kafin a sa shi a MRI, saboda maganaɗisu ne mai ƙarfin gaske.

Ina za a je

A Legas akwai Asibitin Ƙashi na Ƙasa da ke Igbobi, wanda asalinsa ma wurin jinyar sojoji ne lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da kuma asibitin sojoji na 68 a Yaba. Akwai wani asibitin ƙashin a Enugu, ga UCH a Ibadan. Tsohon soja ya tambayi matsayinsa a DHML, mai kula da inshorar lafiyar sojoji har da masu ritaya, ya nemi takardar turawa kafin ya biya kuɗin hoto daga aljihunsa.

Abin da za a tafi da shi

Tsofaffin hotuna, katin asibitin bariki, da sunayen magungunan da ake sha. A tuna shekarar da aka ji ciwon da yadda ƙafar ta lanƙwashe. In an je wajen mai ɗori a faɗa, ba abin kunya ba ne. Kafin a fito, a roƙi likita ya rubuta sunan ciwon a takarda. In aka daɗe ba sauƙi, neman ra'ayin likita na biyu haƙƙin majinyaci ne.

Yawancin masu sakin jijiya da gashin ƙashi da takalmin tallafi ake fara musu na wasu watanni, tiyata sai in hakan bai yi ba. Abin gudu shi ne a shekara ana haɗiyar diclofenac ko ibuprofen, domin suna taɓa ƙoda da ciki, tramadol kuma yana kama mutum. Allah Ya ƙara lafiya.