Magungunan kashe ƙwayoyin cuta a gidajen tsofaffi

A Amurka, magungunan kashe ƙwayoyin cuta suna cikin waɗanda aka fi bayarwa a gidajen kula da tsofaffi.

A shekarar 2015, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, ta ce yawan mazauna gidajen da ake bai wa irin waɗannan magunguna a kowace shekara yakan kai kashi 70 cikin 100.

Ta ce kashi 40 zuwa 75 na magungunan, mai yiwuwa babu buƙatarsu, ko kuma ba a bayar da su yadda ya dace ba.

Sau da yawa matsalar daga gwajin fitsari take farawa. Tsofaffi da dama suna da ƙwayoyin bakteriya a fitsarinsu ba tare da alamar ciwo ba, kuma hakan ba ya buƙatar magani.

Shan maganin babu dalili kan haddasa zawo mai tsanani, ya kuma sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani.

Daga watan Nuwamban 2017, gwamnati ta wajabta wa gidajen da ke karɓar kuɗinta su kafa tsarin sa ido. Hukumar CDC tana ba da shawarar a rubuta dalilin bayar da kowane magani da tsawon lokacin shansa, a kuma sake dubawa bayan kwana biyu ko uku.