Tuban Gaske ko Tuban Muzuru? Yadakunya da Batun Tabbacin Ceto

Wanda ya fita daga birnin Kano ya nufi arewa, ya ratsa ƙasar Ungogo zuwa Minjibir ko Dawakin Tofa, ba zai ga daji ba. Gona na bin gona, gida na hangen gida, tsakaninsu gawo da ɗorawa da kuka. Shekara da shekaru jakuna ke kai itace da hatsi birni, su komo da taki, har ƙasar ta iya ɗaukar noma kowace damina ba hutu. A irin wannan wuri ba a ɓoye komai. An san wanda ya fito sallar asuba, an san wanda bai fito ba, an san gidan da aka dafa giya. A tsakiyar wannan karkara ne Yadakunya take, wadda mutane suka fi sani da Bela, inda asibitin kuturta yake. A nan ne, tun daga ƙarshen shekarun 1930, wata tsohuwar tambaya ta ilimin addinin Kirista ta sami filin gwaji: ta yaya mutum zai tabbata ya tsira, kuma ta yaya waninsa zai gane cewa bangaskiyarsa ta gaske ce?

Ga kunnen Musulmin Kano, rabin farko na tambayar ma baƙo ne. An rene shi ya zauna tsakanin tsoro da fata. Komai yawan ibadarsa, addu'arsa ita ce Allah ya sa ya cika da imani, Allah ya ba shi kyakkyawan ƙarshe. Idan ya ji wani ya ce, "Na sami ceto, na san inda za ni," abin da zai fara zuwa masa shi ne shisshigi cikin ilimin Allah. Shi kuwa mai bishara, a wurinsa rashin faɗin hakan ne laifi, domin yana ganin ba da aikinsa yake tinƙaho ba, da alkawarin Allah yake. Hujjarsa tana cikin wasiƙar Bulus zuwa ga Afisawa, sura ta 2, inda aka nuna ceto kyauta ne ba ladan aiki ba, da wasiƙar Yohanna ta fari, sura ta 5, wadda marubucinta ya ce ya rubuta ta ne don masu bi su san suna da rai madawwami. Su biyun kowa na ganin shi ne mai tawali'u, shi ya sa muhawararsu ba ta cika zuwa ko'ina ba.

Kada a ɗauka Kiristoci bakinsu ɗaya a kan wannan. Majalisar Trent ta cocin Katolika, a hukuncinta na 1547, ta ƙi yarda mutum ya yi da'awar cikakken tabbaci sai da wahayi na musamman, matsayin da ya fi kusa da na maƙwabcinmu Musulmi. Furotesta suka ɗauki ɗaya ɓangaren. Takardar aƙida ta Westminster ta 1646 ta ware babi guda ga tabbacin ceto, ta ce ana samunsa, amma ta yarda mai bi na gaske yana iya daɗewa bai same shi ba, munafuki kuma yana iya ruɗin kansa da na jabu. Daga nan matsala ta kunno kai. Idan akwai tabbaci na jabu, dole a nemi ma'auni. A 1746 Jonathan Edwards na Amurka ya rubuta littafi sukutum a kan haka, ya yi watsi da kuka da rawar jiki da zaƙin baki a matsayin hujja, ya jero alamu goma sha biyu, babbarsu ita ce halin mutum a aikace har ƙarshen ransa. Wato aikin da aka kora ta ƙofa a matsayin kuɗin sayen ceto, ya dawo ta taga a matsayin shaida.

Wannan gado ne Turawan Sudan Interior Mission, SIM, suka ɗauko. An kafa ƙungiyar a 1893, amma ta daɗe tana leƙen Kano daga nesa. Sarkin Kano Alu ya sallami tawagar Bishop Tugwell da Likita Miller ta CMS a 1900, bayan 1903 kuma Turawan mulki suka riƙe alkawarinsu ga sarakuna na hana 'yan mishan shiga ƙasashen Musulmi. Sai a shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka sassauta. Abin da ya buɗe ƙofar sosai shi ne kuturta. En'e na da majinyata, ba ta da ma'aikata, mishan na da ma'aikata, ba ta da izinin shiga. A wajejen 1937 SIM ta karɓi ragamar sansanonin kuturta na Kano da Katsina da Sakkwato, wato Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa. Albert Helser, wanda ya yi aiki a Garkida kafin ya shigo SIM, shi ne jigon wannan aiki. Daga baya aka sami makarantar yara maza a Roni, ƙasar Kazaure, da makarantar Littafi Mai Tsarki a Tofa, da asibitin ido a Kano a 1943.

A dubi halin majinyacin wancan lokaci. Maganin da ake da shi man wata bishiyar Indiya ne, chaulmoogra, da ake yi wa mutum allurarsa mai zafi, shekara bayan shekara, ba tabbacin warkewa. Mutum ya baro garinsu, wani lokaci matarsa ta fita, 'yan'uwa sun ware masa ƙwarya. A sansanin yana samun ɗaki da gonar da zai noma da hannun da zai wanke masa gyambo ba tare da ƙyama ba. Wanda ke wanke gyambon shi ne kuma mai wa'azi. Idan irin wannan mutum ya tashi ran Lahadi ya ce ya ba da gaskiya, mene ne ya yi magana, zuciyarsa ko bukatarsa?

Sarakuna sun yi wannan tambaya, shi ya sa aka riƙa gindaya sharuɗɗa, musamman kan koyar da 'ya'yan Musulmi addini. Amma waɗanda tambayar ta fi hana barci su ne 'yan mishan ɗin kansu. Sun zo da labarin waɗanda a Asiya ake kira Kiristocin shinkafa, masu bin coci saboda abinci. A Hausa kuma suka tarar da kalmar da ta riga su zama. Sun ɗauki "tuba" don fassara juyowar mai zunubi, alhali a bakin Bahaushe tuba ita ce abin da Bamaguje ke yi idan ya musulunta, ita ce kuma abin da talaka ke faɗa gaban mai iko idan ya ga ba mafita. Harshen da ya ba su "tuba" shi ne ya ba su "tuban muzuru". Sauran kalmomin sun fi yi musu sauƙi. Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda ya fito cikakke a 1932, ya riƙe sunan Allah, ya ɗauki "alheri" da "ceto", ya fifita "bangaskiya" a kan "imani". Har gobe, da jin wadda mutum ya zaɓa cikin kalmomin nan biyu, an san inda ya fito.

Mafitar da suka samu ita ce jinkiri da sa ido. SIM ba ta yi wa jarirai baftisma, sai babba da ya furta da bakinsa, shi ma sai ya zauna ajin masu neman baftisma, an ga kamun ludayinsa. Ya rabu da layu da guraye. Ya bar giya. Ya bar aikin gona ran Lahadi. Ya tsaya ga mace ɗaya. Ya yi shaida a gaban jama'a, in da hali ya koyi karatun boko don ya karanta Littafin da kansa. A ganina nan ne tufka da warwarar take. An ce wa mutum ceto kyauta ne, ba sai ya yi komai ba, sannan aka miƙa masa jerin sharuɗɗan da ya fi na addinin da ya baro tsauri ta wasu fuskoki. Masu koyarwar za su ce ba saɓani, waɗannan 'ya'yan itace ne ba saiwa ba, su kawo wasiƙar Yakubu da ta kira bangaskiya marar aiki matacciya. A kan takarda amsar ta zauna. Amma manomin da aka ce ya dakata sai baɗi, da wuya ya ji bambancin shaida da farashi.

Nauyin sharuɗɗan ya fi bayyana da bisharar ta fita daga sansani ta shiga gidajen Maguzawa, Hausawan da suka riƙe addinin gargajiya, waɗanda Joseph Greenberg ya zauna da su a ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939. A gidan Bamaguje giya ba shagala ba ce kawai. Da ita ake gayya, da ita ake biki da makoki, da ita ake roƙon iskoki, kuma sana'ar mata ce. Wanda ya bar ta ya janye hannu daga rabin mu'amalar danginsa. Saurayi kuwa a gandun ubansa yake noma, uban ne zai yi masa aure, shi zai yanka masa gayauna. A ƙasar da babu dajin da za a sara a yi sabuwar gona, saɓa wa maigida ba ƙaramar kasada ba ce. Batun mata ya fi duka ciwo. Dattijo mai mata uku ya ba da gaskiya, a ce ba baftisma sai ya sallami biyu. Ina za su? Wa zai riƙe 'ya'yansu? Da yawa sun zaɓi su zauna a haka, suna zuwa sujada, 'ya'yansu na karɓar baftisma, su ba su karɓa ba har mutuwa. Aƙidar cocin ba ta ce sun hallaka ba, tun da ba ruwan baftisma ke ceto ba. Tsarin cocin ne ya bar su a bakin ƙofa. Cocin Angalika ma ta yanke irin wannan hukunci a taron Lambeth na 1888, ba ta sassauta ba sai a 1988.

Ƙasar Hausa ta taɓa ganin irin wannan gardama kafin a haifi ko ɗaya daga cikin waɗannan Turawa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi yaƙi da masu gauraya Musulunci da tsafi, ya ce aikinsu ya ƙaryata furucinsu. Shi ne kuma ya yi rubuce-rubuce yana tsawata wa ɗaliban ilimin tauhidi da ke titsiye talakawa da tambayoyi, su kafirta wanda ya kasa kawo hujja. Matsayinsa shi ne a yi hukunci da zahiri, a bar wa Allah zuciya. Dattawan ikilisiya a Tofa da Roni, ba tare da sun karanta shi ba, kusan nan suka tsaya, domin ba wata tsayawar. Labarin zuciya, in ji Hausawa, a tambayi fuska.

Tarihi ya yi nasa gwajin. Daga wajejen 1950 ƙwayar dapsone ta maye gurbin allurar mai. Ana iya ba mutum ita a ƙaramin ɗakin shan magani ya koma gida, ba sai ya yi shekaru a hannun mishan ba. A 1954 aka kafa ECWA, ragamar coci ta fara komawa hannun 'yan ƙasa. A shekarun 1970 gwamnati ta karɓe yawancin makarantu da asibitocin mishan, Yadakunya ta zama ta gwamnatin jiha. Duk abin da ake zargin mutane sun bi coci dominsa ya gushe. Wasu sun koma garuruwansu sun koma sallarsu, ba wanda ya ƙara jin labari. Wasu sun tsaya, daga cikinsu da 'ya'yansu aka sami malaman asibiti da malaman makaranta da masu bishara. Masaniyar tarihi Shobana Shankar, a littafinta na 2014 kan asalin Kiristanci a wannan yanki, ta bi sawun irin waɗannan mutane, ta nuna yadda magani da karatun boko suka zama jarinsu, da yadda da dama suka rayu ba tare da sun bayyana wa kowa matsayinsu ƙarara ba.

Zargin kuma bai tsaya ɓangare ɗaya ba. Lokacin da Sardauna ya yi rangadin musuluntarwa daga 1963 zuwa 1965, ana raba riguna da kyaututtuka, Kiristoci suka ce wannan tuban riga ne. A daidai shekarun ne shirin Sabon Rai Don Kowa ya bazu a cocin Arewa, yana koya wa talakan mai bi ya fita ya yi shaida da bakinsa, ya tambayi maƙwabcinsa ko ya tabbata da makomarsa. Musulmi suka ce wancan tuban magani ne da makaranta. Kowane ɓangare yana auna tubabbun ɗan'uwansa da mudun da ba zai so a auna nasa da shi ba.

Jikokin mutanen Roni da Tofa da Yadakunya suna nan, wasunsu na kiran kansu Masihiyawa don a san Hausawa ne 'yan ƙasa, ba baƙi ba. A ƙananan majami'unsu na karkara har yanzu ana koyar da cewa mai bi yana iya sanin ya tsira tun yana raye. A majami'un ne kuma dattawa ke zama kan wanda ya koma giya ko ya ƙara aure, su sa shi ƙarƙashin horo, a hana shi jibin Ubangiji, a sanar a gaban jama'a. Ba su cewa ya rasa ceto, domin sun ce wannan ba hurumin dattawa ba ne. Sukan nuna masa bencin baya, ya zauna a can wata uku ko shida, ana kallon ko zai ci gaba da zuwa.