Daga Zauren Mai Unguwa Zuwa Teburin Lauya: Tarihin Cinikin Gida a Sabon Gari da Samaru

Cinikin gida a ƙasar Zazzau ya girmi aikin lauya nesa ba kusa ba. Tun kafin a ga mai baƙar riga a kotu, mutane suna sayen gida, suna gadon gona, suna ba da aro da jingina, kuma da ƙa'idar da suke bi. Mu da muke cin abinci da rubuta takardun filaye a Sabon Gari da Samaru, kullum aikinmu tsakanin tsari biyu yake: na shaidu da mai unguwa, da na takarda da hatimin gwamnati. Duk wanda ya san yadda waɗannan biyun suka haɗu a garin nan, ya san irin lauyan da zai nema ranar da Allah ya hore masa kuɗin gida.

A tsarin da iyayenmu suka taras, ƙasa tana hannun sarki, hakimai da dagatai da masu unguwanni suna kula da ita, alƙali kuma yana hukunci da fiƙihun Malikiyya. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo har littafi ya rubuta kan hukuncin mallakar ƙasa, mai suna Ta'alimur Radi. In za a yi ciniki, dillali ya haɗa mai saye da mai sayarwa, a kira maƙwabta, a zagaya iyaka da ƙafa, a ce daga kukar nan zuwa waccan rijiya. Mai abu ya ce ya sallama, a ƙirga kuɗi gaban mai unguwa, a cire la'ada, a raba goro, a shafa fatiha. Dattawan unguwa su ne rajista. Tsarin ya yi aiki domin kowa ya san kowa, ya san ubansa, ya san gonar kakansa.

Turawa sun kama Zariya a 1902. Gwamna Girouard, wanda ya gaji Lugga a 1907, injiniyan jirgin ƙasa ne, kuma abubuwa biyu da ya sa wa hannu su suka haifi sana'armu. Na farko shi ne layin dogo daga Baro zuwa Kano, wanda ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911. Na biyu shi ne kwamitin da ya zauna a Landan a 1908 kan filayen Arewa, wanda shawararsa ta zama doka a 1910, aka sake fasalinta a 1916. Dokar ta ce duk ƙasar Arewa tana ƙarƙashin ikon gwamna, yana riƙe da ita don amfanin 'yan ƙasa. Daga ranar, a idon gwamnati, abin da mutum ke da shi haƙƙin zama ne da amfani.

Jirgi ya kawo baƙi: akawuna, maƙera, direbobi da 'yan kasuwa daga Kudu, da ma Saliyo da ƙasar da yanzu ake kira Gana. Ba a saukar da su cikin ganuwa ba, sai aka yanka musu Sabon Gari kusa da tasha. A nan aka fara ganin fuloti mai lamba, layi a miƙe, kuɗin ƙasa duk shekara, da takarda da Turanci. Mutumin da ba shi da kaka a gari ba shi da dattijon da zai tsaya masa, don haka takarda ta zama danginsa. Samaru kuwa yankin manoma ne har aka kafa tashar binciken aikin gona a 1922, sannan kwalejin fasaha a shekarun 1950, sannan Jami'ar Ahmadu Bello a watan Oktoban 1962. Ma'aikata da ɗalibai suka yi ta kwarara, gonakin Hayin Dogo, Bomo, Zango da Palladan suka riƙa komawa fulotai, galibi ta hannun magada da masu unguwanni, ba ta hannun safiyon gwamnati ba. Shi ya sa har gobe matsalar Sabon Gari daban, ta Samaru daban. A Sabon Gari takarda ce ta tsufa ta yanke a hanya, a Samaru kuwa gona ce aka yayyanka ba tare da an tambayi duk masu ita ba.

Lauyoyi sun zo daga baya. Ɗan Arewa na farko da ya zama lauya, Alhaji Abdulganiyu Abdulrazaq na Ilori, sai a 1955 ya samu shaidarsa a Ingila, kuma ya zauna a Zariya. A wancan zamani lauya ba ya tsayawa gaban alƙali, sai kotun majistare da babbar kotu, kuma ƙofar kotunan yanki ba ta buɗe mana sosai ba sai bayan tsarin mulkin 1979. Saboda haka talaka ya daɗe yana ganin lauya na kamfanoni ne da baƙi da masu rigima. Tsangayar koyon shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kongo ce ta sauya lissafin, domin ta yaye 'ya'yan gida waɗanda suka karanta dokar Ingila da fiƙihun gado a aji guda.

A 1962 gwamnatin Jihar Arewa ta yi tata dokar mallakar ƙasa, ta bambanta ɗan asalin Arewa da wanda ba shi ba, ta ɗaure cinikin baƙo da izinin minista. Rikicin 1966 da yaƙin basasa suka sa da yawa daga masu gidajen Sabon Gari suka tafi suka bar su hannun amintattu. Bayan 1970 wasu sun dawo sun karɓi abinsu, wasu sun sayar daga nesa. Wanda ya taɓa buɗe fayil ɗin tsohon gida a unguwar ya san kamanninsa. A sama takarda ce da ta yi ja, an buga ta da tafireta, da sunan wani akawun jirgin ƙasa. Ƙarƙashinta fallen littafin makaranta, an rubuta da biro cewa wane ya sayar wa wane, ga dangwale uku da hatimin mai unguwa. Tsakanin sunan akawun da sunan mai sayarwa na biyu babu abin da ya haɗa su. Wannan giɓin shi ne aikin lauya. Sai ya gano yadda gidan ya fita daga hannun na farko ya shiga na biyun, in kuwa bai gano ba, ya faɗa wa mai saye gaskiya.

Ranar 29 ga Maris 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, wadda galibinta daga dokar Arewa ta 1962 aka ɗebo, aka kuma dasa ta cikin tsarin mulki. Filin birni gwamna ke ba da shi, na karkara ƙaramar hukuma. Takardar shaidar mallaka, wadda kowa ke kira satifiket, yawanci ta shekara 99 ce in gidan zama ne. Sashe na 22 ya hana sayarwa ko jinginarwa sai da amincewar gwamna, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa haka banza ne. A 1989, a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa ko wanda ya mallaki filinsa na birni tun kafin dokar, wannan sharaɗi ya hau kansa.

Neman amincewar gwamna yana cin kuɗi da lokaci, sai mutane suka ɓullo da dabara: a ba mai saye takardar wakilci, a ce an gama. Kotun Ƙoli a shari'ar Ude da Nwara ta 1993 ta bayyana cewa takardar wakilci izini ce kawai ta yin abu a madadin wani, ba ita ke miƙa mallaka ba. Duk da haka akwatunan mutane a unguwannin Muciya da Cikaji da Hanwa cike suke da ita.

Sauyi na baya-bayan nan ya zo a ƙarshen 2015, lokacin da gwamnatin Malam Nasiru El-Rufai ta kafa hukumar KADGIS, ta tattara rajistar filayen jihar Kaduna cikin kwamfuta, ta nemi masu tsofaffin takardu su sabunta. Bincike ya yi sauƙi fiye da zamanin da fayil kan yi ɓatan dabo a ma'aikata. Amma zamanin ya zo da rusau. A watan Oktoban 2021 hukumar tsara birane ta jihar, KASUPDA, ta rushe gidaje a unguwar Graceland, tana cewa filin na Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ne, mazauna kuma suna cewa da takardunsu. Ko wa ke da gaskiya, darasin ya shiga kunnen kowa. A yankin da jami'a, kwalejin jirgin sama, barikin soja na Basawa da hukumar jirgin ƙasa duk suke da manyan filaye, tambayar farko ita ce ko gwamnati ta taɓa karɓe wurin.

Tambayoyin da ake kawo mana ba su cika sauyawa ba. Takardar mai unguwa ta isa? Tana da amfani matuƙa, domin shaida ce cewa an yi ciniki a idon jama'a, amma ba ta tsaya wa rajista ba. To mai satifiket fa, ya tsira? Kotun Ƙoli a shari'ar Ogunleye da Oni ta 1990 ta nuna satifiket ba ya wanke tushe mara kyau, wanda ya zo da hujjar da ta riga shi zai iya kayar da shi. Zan iya saya da sunan ɗana ƙarami? Sashe na 7 ya hana a ba wanda bai kai shekara 21 ba, sai ta hannun waliyyi ko amintaccen da aka naɗa, ko kuwa ta hanyar gado. Na daɗe a gidan ba wanda ya yi magana, ya zama nawa? A fiƙihun Malikiyya akwai hauzi, wato shekara 10 mai abu yana gari yana kallo bai tanka ba, ba kuma tare da uzuri ba. Amma tsakanin dangi wa'adin ya fi haka tsawo sosai, kuma aro ko haya ba su zama mallaka komai daɗewa.

Inda aka fi yin kuka shi ne gidan gado. Babban ɗa ya zo da dillali, ya ce 'yan'uwa duk sun yarda, yana sauri don akwai wani mai so. A biya, a fara gyara, sai ga ƙanwarsu da ke aure a Funtuwa ta iso da mijinta, ta ce ba wanda ya shawarce ta. Shari'a tana bayanta. Ba a sayar da rabon mutum ba da izininsa ba, kuma abokin tarayya a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shufa'a, ya biya kuɗin ya karɓe abin da aka sayar wa bare. Maganin abin shi ne a ga takardar rabon gado daga kotun shari'a, ko takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga babbar kotu in ba Musulmi ba ne, kowane magaji kuma, mace da namiji, ya sa hannu. In da maraya a ciki, sai da izinin alƙali.

Wannan tarihi shi ke nuna wane lauya ya dace. Na farko, ka tabbata lauya ne. Kowannenmu yana da lambar rajista a Kotun Ƙoli, kuma tun 2015 takardar da ya rubuta sai ta ɗauki hatimin Ƙungiyar Lauyoyi mai sunansa. Doka ta hana wanda ba lauya ba rubuta takardar cinikin ƙasa don a biya shi, komai gwanintar mai shagon kwamfuta. Na biyu, ya zama naka. Lauyan mai sayarwa da wanda dillali ya kawo, burinsu shi ne ciniki ya faɗa. Naka kuwa burinsa shi ne kada ka faɗa rami, ko da ciniki zai watse. Na uku, ya zama ɗan gari mai fita rana. Wanda zai bincika rajista a KADGIS ya ga ko an jinginar da gidan a banki, ya leƙa kotu ko akwai ƙara, ya tura safiyo ya auna, sannan ya cire takalmi ya shiga zauren mai unguwa, ya gaida tsohuwar maƙwabciya ya tambaye ta 'ya'yan marigayi nawa ne. Lauyan da ya san ofis bai san unguwa ba, rabin aiki ya iya. Wanda ya san unguwa bai san ofis ba, shi ma haka.

Maganar kuɗi a yi ta tun farko, a rubuce. Dokar ladan lauyoyi ta 2023 ta sa kashi 10 cikin 100 a matsayin mafi ƙaranci ga lauyan mai saye in dukiyar ba ta kai naira miliyan 50 ba. Bayan wannan akwai kuɗin hatimi, na amincewar gwamna da na rajista, waɗanda na gwamnati ne, kuma kowanne da rasidinsa. Lauyan da ya ci amana ana kai ƙararsa reshen ƙungiya na Zariya ko kwamitin ladabtar da lauyoyi, har a iya soke sunansa.

Abin da ke ci mini rai shi ne, akasarin mutane suna zuwa wurinmu bayan sun biya. Malamin da ya shekara talatin yana koyarwa, ko bazawarar da ta sayar da gwala-gwalanta, sai an kawo sammaci sannan a tuna da lauya, alhali rigakafi ya fi magani. Ɗan'uwa mai niyyar sayen gida a Samaru ko Sabon Gari, kada ka ba da ko kafin alƙalami sai lauyanka ya ga takardu, ya taka filin, ya ji ta bakin magada. In an gama, ka biya ta banki, ka nemi amincewar gwamna, ka yi rajista da sunanka. Allah ya ba kowa muhalli na halal, ya raba mu da gidan rigima.