Tarihin Majigin Mutanen Tamil

Ya ku 'yan makaranta, da yawa cikinmu in an ce Indiya sai mu zaci ƙasa ce mai harshe guda. Ba haka ba ne. Can kudancinta akwai wata al'umma ana ce musu Tamil, babban birninsu Madaras, wanda aka sake wa suna Chennai a 1996.

Da majigi ya zo musu, ba su tafi nesa neman labari ba, sai suka waiwayi hikayoyin addininsu na Hindu, waɗanda kowane yaro ya ji a bakin kakarsa. Tun kafin 1920 wani mai cinikin motoci, Nataraja Mudaliar, ya shirya Keechaka Vadham, majigi marar magana, daga littafinsu Mahabharata. Dabara ce, gama wanda ya riga ya san labari ba ya bukatar a yi masa bayani.

Ran 31 ga Oktoba 1931 aka nuna Kalidas a Madaras, shi ne na fari mai magana da harshen Tamil. Labarin wani makiyayi ne jahili, aka yaudari 'yar sarki ta aure shi, ta yi ta roƙon abar bautarsu Kali har ya zama shahararren mawaƙi. A 1944 kuma Haridas ya fito, aka yi fiye da shekara 2 ana nuna shi a gida guda.

Mu nan gidan silima na Rex ya buɗe a Kano a 1937. Daga baya 'yan kasuwa Kwarori suka riƙa kawo na Indiya, amma galibinsu na Bambai ne, da harshen Hindi. Na Tamil sai a zamanin nan suka yawaita, da aka fara juya su da Hausa.

To, ga abin lura. Kalidas ya ɓace, ko kwafi guda bai saura ba, haka kuma mafi yawan tsararrakinsa. Amma shanun da mutanen dā suka zana a Dutsen Habude na Birnin Kudu suna nan har yau. Turmin Danya kuwa, da aka yi a Kano a 1990, kaset ne, kaset kuma ba dutse ba ne. Wanda duk ya sami irinsu a ɗakin mahaifinsa, ya adana. Tatsuniyar da kakarsa ta ba shi kuma, ya rubuta tun tana da rai.

Allah ya sa mu gane, amin.