Fadar Damagaram da Darasin Kula da Ma'aikata: Amsa ga Masu Cewa a Koma Gida

Wani ra'ayi na ƙara samun shiga tsakanin masu koyar da ilimin kula da ma'aikata a manyan makarantun Nijar, darasin da ɗalibai suka fi sani da GRH. Masu ra'ayin sun ce darasin baƙo ne, daga Faransa aka yo dakonsa, kuma bai san mutanenmu ba. Wani abokin aikinmu ya wuce nan. A ganinsa ɗalibin da ke karatu a Damagaram ba ya buƙatar waiwayen ƙetare, tunda ga fada a Birni, wadda ta iya riƙon jama'a tun kafin Bature ya ci garin a 1899. Rabin maganarsa na farko gaskiya ne. Na biyun nake ja da shi.

Tarihin masarautar sananne ne (Salifou 1971, Dunbar 1970), ba sai an maimaita ba. Abin da abokin namu ya jingina da shi shi ne zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884: ganuwa, maƙeran da ke zuba igwa, rundunar 'yan bindiga, ayarin da ke bi ta Zango zuwa Tarabulus. Ya ce irin wannan aiki ba ya tsayuwa sai da wanda ya iya zaɓen mutum, ya horar da shi, ya ɗaga shi idan ya yi ƙwazo. Haka ne. Sai dai ya tsallake tambaya ɗaya: su wane ne Tanimu ya fi dogara da su? Dunbar (1977) ta nuna yadda fadar ta ƙara jingina da bayi wajen yaƙi da mulki. Ga alama hikimar ba ɓoyayya ba ce. Ɗan sarki yana da dangi, yana da magoya baya, yana iya neman gadon sarauta. Bawan sarki ba shi da inda zai nufa, baban fada kuwa ko magaji ba zai bari ba. Biyayyar da ake yabo a yau, a iya fahimtata, daga rashin mafita ta samo ƙarfinta. Faransawa ma sun gane haka, domin da suka tuɓe Sarki Amadu ɗan Bassa a 1906, Bellama, baban fada, suka ɗora kan al'amura, ba a maido da sarautar ba sai 1923.

Abokin namu ya amsa da cewa bawan sarki ya fi talaka ɗa jin daɗi, yana da doki da gida da faɗa a ji. Ban musa ba, amma jin daɗi daban, haƙƙi daban. Wanda aka ba doki yau ana iya ƙwace shi gobe, ba kotun da zai kai ƙara. Ilimin kula da ma'aikata kuwa an gina shi ne kan mutumin da ke da ikon ajiye aiki ya tafi, ko ya shiga ƙungiyar ƙwadago, ko ya kai maigidansa gaban sufeton aiki. Dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 wannan mutum take nufi. Idan aka cire masa wannan iko, darasin ya zama wani abu dabam, ko da an bar masa sunansa.

Ya kuma ce ai ba bauta yake nufi ba, ubangida da yaro yake nufi, irin yadda attajiri Malam Yaro ya riƙe wakilansa a kan hanyar Sahara. A nan dole in rage faɗin da'awata. Hujjar bayi ta tsaya kan fada, ba ta kai ga kasuwa da sana'a ba. A majemar Damagaram, ko garejin gyaran babur, yaro na koyon aiki a hannun maigida ba takarda ba sa hannu. Maigida ya ci da shi, ya kai shi asibiti in ya kwanta, wani lokaci har ya yi masa aure, ranar yaye kuma ya haɗa masa kayan aiki. Yawancin masu neman abinci a garin a irin wannan tsari suke, kuma littafin da aka rubuta don kamfanonin Paris bai ce uffan a kansu ba. Ya kamata ɗalibi ya je ya zauna a majema, ya tambayi yadda ake raba kuɗin fata, da wanda ke shiga tsakani idan yaro ya yi fushi ya koma gidan wani. Wannan abin bincike ne. Ban ga yadda zai zama abin koyi ba, domin yaron da maigidansa ya zalunta ba shi da makami sai haƙuri ko gudu.

Gwajin maganar yana arewa da gari, a matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a 2011, wadda kamfanin CNPC na ƙasar Sin ke da kashi 60 cikin ɗari, Nijar 40. A watan Maris na 2025 gwamnati ta kori manyan jami'ai uku 'yan Sin na kamfanonin mai, cikin dalilan da ta bayar har da ratar albashi tsakanin baƙi da 'yan ƙasa. Rigimar ta matakin albashi ce, da kwantiragi, da wanda ake horarwa ya gaji kujerar wa. Ba a warware irin wannan da gaisuwar fada, sai da wanda ya iya karanta yarjejeniyar aiki ya kuma iya lissafi.

Don haka ina roƙon masu tsara manhaja, musamman a Jami'ar André Salifou, su sa tarihin ƙwadago na Damagaram a cikin karatun, da bautarsa da barancinsa, ba ragi. Amma kada a rage ko sa'a ɗaya daga darasin dokar ƙwadago don a yi masa wuri.