Sality

Sality ƙwayar cutar kwamfuta ce, wato bairos, mai kama fayilolin manhajoji a kwamfutocin da ke aiki da Microsoft Windows. An fara gano ta a shekarar 2003, kuma tana cikin cututtukan kwamfuta da suka fi daɗewa suna yawo a duniya. Ba ta zama a matsayin fayil mai zaman kansa da za a goge a huta. Tana shiga ne cikin jikin manhajoji na gaskiya da mai kwamfuta ke amfani da su kullum, ta yadda duk wanda ya buɗe manhajar ya tashe ta. Da zarar ta tashi, tana kashe manhajojin riga-kafi, ta sauya saitunan Windows, ta toshe hanyoyin da ake bi a gyara kwamfuta, sannan ta haɗa kwamfutar da wasu da suka kamu domin karɓar umarni daga masu sarrafa ta.

Suna da asali

Kamfanonin tsaron kwamfuta sun ba ta sunaye daban-daban. Microsoft na kiran ta Virus:Win32/Sality, Symantec na kiran ta W32.Sality, kamfanin Dr.Web na Rasha kuma na kiran ta Win32.Sector. An kuma san ta da sunayen Kuku da Kookoo. A shekarar 2011 Nicolas Falliere, mai bincike a kamfanin Symantec, ya wallafa cikakken nazari a kanta, inda ya danganta sunan da birnin Salavat na ƙasar Rasha, wanda aka samu ambatonsa a cikin nau'o'inta na farko.

Nau'o'in farko ba su da sarƙaƙiya. Suna liƙa kansu a jikin fayil, su saci kalmomin sirri da abin da mutum ya danna a allon rubutu, su aika ta imel. Daga baya masu ita suka riƙa inganta ta shekara bayan shekara, har ta iya sauya kamanninta da kuma yaƙar manhajojin tsaro kai tsaye.

Yadda take kama fayil

Sality tana neman fayilolin da sunansu ya ƙare da .exe ko .scr, waɗanda su ne fayilolin da Windows ke tayarwa a matsayin manhaja. Kowane irin wannan fayil yana da mashiga, wato wurin da kwamfuta ke fara karanta umarni idan an buɗe shi. Sality tana kwashe umarnin da ke mashigar ta adana shi, ta sa nata ɗan gajeren umarni a wurin, sannan ta ɗora ainihin jikinta a sashen ƙarshe na fayil ɗin a lulluɓe da rubutun sirri.

Idan aka buɗe manhajar, gajeren umarnin ne ke fara aiki. Yana kwance lulluɓin, ya tashi cutar, sannan ya mayar da umarnin asali wurinsa a cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta domin manhajar ta ci gaba da aikinta. Shi ya sa mai kwamfuta ba ya ganin wani bambanci: manhajar ta buɗe kamar yadda ta saba, amma cutar ta riga ta kama aiki a bayan fage.

Wannan gajeren umarni da lulluɓin suna sauyawa daga fayil zuwa fayil, har da cusa umarnin banza da ba ya yin komai sai ruɗar da mai bincike. Fayiloli biyu da suka kamu a kwamfuta ɗaya ba sa yin kama da juna. Hakan yana wahalar da manhajar riga-kafi da ke gane cuta ta hanyar kwatanta ta da samfurin da ta sani. Cutar takan ƙyale fayilolin da Windows ke ba wa kariya ta musamman, domin taɓa su zai iya tona asirinta.

Hanyoyin yaɗuwa

Hanya ta farko ita ce fayil ɗin da ya kamu. Duk wanda ya kwafi manhaja daga kwamfuta mai cutar ya kwafo cutar tare da ita. Hanya ta biyu ita ce filashi da katin memori: Sality tana zuba fayil mai cutar da wani suna na kara-zube, tare da fayil mai suna autorun.inf, wanda ke umartar tsofaffin nau'o'in Windows su tashi cutar idan an buɗe filashin. Hanya ta uku ita ce manyan fayilolin da kwamfutocin ofis ko makaranta ke rabawa a tsakaninsu. Cutar tana bin su ta kama manhajojin da ke ciki.

A shekarar 2010 wani nau'i mai suna Sality.AT ya ɗauki wata kafa da aka gano a yadda Windows ke nuna gumakan gajerun hanyoyi, wato fayilolin .lnk. Ita ce kafar da cutar Stuxnet ta yi amfani da ita. Da wannan kafa, duba abin da ke cikin filashi kawai ya isa cutar ta tashi. Microsoft ya fitar da gyaran gaggawa a ranar 2 ga Agusta, 2010, kafin ranar da ya saba fitar da gyare-gyarensa na wata-wata.

Sauye-sauyen da take yi wa Windows

Windows tana ajiye saitunanta a wani kundi da ake kira rajista. Yawancin ɓarnar Sality a nan take faruwa. Daga cikin sauye-sauyen da aka san nau'o'inta da su akwai:

Kulle Task Manager, wato tagar da ke nuna manhajojin da ke aiki, domin kada a ga cutar a tsayar da ita.

Kulle manhajar gyaran rajista, domin kada a mayar da saitunan da ta sauya.

Goge saitunan Safe Mode. Wannan shi ne yanayin da masu gyara ke tayar da kwamfuta a cikinsa da manhajoji kaɗan domin su yi aiki ba tare da cuta ta tashi ba. Idan an goge saitunan, kwamfutar ba ta iya tashi a wannan yanayi.

Hana nuna ɓoyayyun fayiloli, ko da mai kwamfuta ya nemi a nuna su.

Kashe tambayar izini da Windows ke yi kafin wata manhaja ta yi babban sauyi, wadda aka fara sakawa tun daga Windows Vista.

Rufe bakin cibiyar tsaro ta Windows, ta daina gargaɗin cewa riga-kafi ko katangar tsaro ba sa aiki.

Bayan haka tana cusa kanta cikin manhajojin da ke aiki a lokacin. Saboda haka babu wata manhaja guda mai suna Sality da za a nuna da yatsa. Tana gudana ne a ƙarƙashin sunayen manhajojin da aka amince da su.

Kashe manhajojin tsaro

Sality tana ɗauke da dogon jerin sunayen manhajojin riga-kafi da na katangar tsaro. Tana duba abin da ke aiki a kwamfuta, duk wanda sunansa ya zo daidai da na jerin sai ta tsayar da shi, ta kuma dakatar ko ta goge hidimomin da ke tayar da shi. Tana goge wasu fayilolin da riga-kafi ke ajiye samfuran cututtuka a cikinsu, kamar masu ƙarewa da .vdb da .avc. Riga-kafin da ya rasa samfuransa ba ya gane abin da yake nema.

Manhajojin riga-kafi da yawa suna kare kansu daga tsayarwa. Domin tsallake wannan kariya, Sality tana girka wata ƙaramar manhaja irin wadda ake kira direba, wato mai aiki a can cikin zuciyar Windows inda iko ya fi ƙarfi. Takan ba fayil ɗin suna na kara-zube, ta yi masa rajista da sunaye irin su amsint32 ko abp470n5. Daga wannan matsayi tana kashe manhajar da ta gagara, tana kuma tace saƙonnin intanet: duk wanda ke ɗauke da sunan sanannen kamfanin riga-kafi sai ta watsar da shi. Sakamakon haka sauran shafuka suna buɗewa, amma shafukan kamfanonin tsaro ba sa buɗewa, riga-kafin kuma ba ya iya sabunta kansa. Tana kuma kashe katangar tsaro ta Windows, ko ta sa kanta cikin jerin manhajojin da aka yarda su wuce.

Hanyar sadarwar kwamfutocin da suka kamu

Manufar duk wannan ita ce kwamfutar ta daɗe a hannun masu cutar. Daga wajen shekarar 2008 kwamfutocin da suka kamu suka fara magana da juna kai tsaye, ba tare da wata babbar kwamfuta guda da ke ba da umarni ba. Kowace tana riƙe da jerin adireshin 'yan uwanta, suna miƙa wa juna adireshin wuraren da za a sauke ƙarin mugayen manhajoji. Umarnin yana ɗauke da sa hannun sirri na masu cutar, don haka wani daban ba zai iya aika umarnin ƙarya ba. Rashin cibiya guda ya sa rufe hanyar ke da wuya.

Abubuwan da ake saukewa sun haɗa da manhajojin aika saƙonnin banza, masu satar kalmomin sirri, masu mayar da kwamfutar mutum gadar da wasu ke bi su ɓoye sawunsu, da masu fasa kalmomin sirri ta hanyar gwaji.

Sanannun aukuwa

A farkon shekarar 2011 an yi amfani da kwamfutocin da suka kamu da Sality wajen laluben adireshin intanet na duniya, ana neman na'urorin kiran waya ta intanet. Masu bincike na cibiyar CAIDA da ke Jami'ar Kalifoniya a San Diego, Amurka, sun gano cewa laluben ya ɗauki kusan kwana 12, kuma ya fito daga adireshi kimanin miliyan 3.

A 2014 kamfanin ESET ya bayyana wani ɓangare mai suna RBrute, wanda ke gwada kalmomin sirri na na'urorin raba intanet na gida. Idan ya samu shiga, yana karkatar da masu neman Google ko Facebook zuwa shafin bogi na sauke Chrome, wanda a zahiri Sality ake saukewa.

A watan Yulin 2022 kamfanin Dragos ya ba da rahoton wata manhaja da ake tallatawa ga injiniyoyin masana'antu da sunan buɗe kalmar sirrin na'urorin sarrafa injina. Manhajar tana girka Sality, tare da wani ɓangare da ke sauya adireshin asusun kuɗin kirifto idan mutum ya kwafe shi, kuɗin su tafi wurin ɓarayi.

A Najeriya

Yanayin amfani da kwamfuta a Najeriya da maƙwabtanta ya dace da hanyoyin yaɗuwar irin wannan cuta. A shagunan buga takardu da na masu tura waƙoƙi da finafinai, a Kano da Sakkwato da ƙananan garuruwa, kwamfuta guda tana karɓar filashi da katin memori na mutane da yawa a rana. Ana yawan girka manhajoji daga kwafin da ya bi hannuwa da dama, kuma tsadar data tana hana sabunta riga-kafi. Akwai kwamfutocin da har yanzu ke aiki da Windows XP, wadda Microsoft ya daina yi wa gyara a ranar 8 ga Afrilu, 2014, ko Windows 7, wadda ya daina yi wa a ranar 14 ga Janairu, 2020.

Cutar ba ruwanta da harshen da aka saita Windows da shi. Filashin da ya kamu a wani shago a Lolo, garin kan iyaka a ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi, zai iya kama kwamfuta mai Faransanci a Malanville ta Jamhuriyar Benin. Sality ba ta aiki a wayoyin Android, amma katin memorin waya yana iya ɗaukar fayil mai cutar ya kai shi wata kwamfutar.

Dokar laifuffukan intanet ta Najeriya ta shekarar 2015 ta haramta yaɗa bairos da gangan, ta kuma tanadi hukuncin ɗauri ko tara. Hukumar ngCERT, da ke ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkokin tsaro, ita ce ke karɓar rahoton hare-haren kwamfuta a matakin ƙasa.

Alamomi

Alamomin da aka fi gani su ne riga-kafi ya rufe da kansa ko ya ƙi girkuwa, Task Manager ta ƙi buɗewa da saƙon cewa mai kula da kwamfuta ya kulle ta, Safe Mode ya ƙi tashi, shafukan kamfanonin riga-kafi su ƙi buɗewa, sannan fayil ɗin autorun.inf ya riƙa dawowa cikin filashi bayan an goge shi. Girman fayilolin manhajoji yana ƙaruwa kaɗan, kwamfuta takan yi nauyi, data kuma tana ƙarewa da sauri.

Magani da riga-kafi

Cire Sality daga cikin Windows ɗin da ta kama yana da wuya, domin tana iya kama manhajar da aka kawo don cire ta. Masu gyara kan tayar da kwamfutar daga faifan ceto ko filashin da aka shirya a kwamfuta mai lafiya, su yi binciken daga can. Kaspersky ya taɓa fitar da manhajar musamman mai suna SalityKiller. Goge duk fayil ɗin da ya kamu yana nufin rasa manhajar da ke cikinsa, don haka ana ƙoƙarin wanke fayil ɗin ne a mayar da mashigarsa. Wani lokaci fayil ɗin yakan lalace yadda ba ya gyaruwa. Bayan wankewa dole ne a mayar da saitunan rajista, musamman na Safe Mode.

Idan cutar ta yi yawa, abin da ya fi tabbas shi ne a goge faifan kwamfutar a girka Windows sabuwa. Takardu da hotuna da waƙoƙi ana iya ceto su, tunda ba su take kamawa ba. Amma fayil ɗin .exe guda da aka dawo da shi daga tsohuwar ajiya ya isa ya mayar da cutar. Ana kuma sauya duk kalmomin sirri daga wata na'ura mai lafiya.

Ta fuskar riga-kafi, Windows 7 ta zo ba tare da tayar da manhaja kai tsaye daga filashi ba, kuma a watan Fabrairun 2011 Microsoft ya aika irin wannan gyara ga Windows XP da Vista. Sauran matakan su ne sabunta Windows da riga-kafi, bincika filashi kafin buɗe shi, sauke manhajoji daga shafukan masu su, da yin aikin yau da kullum a asusun da ba shi da cikakken iko, domin girka direba da sauya manyan saitunan rajista suna buƙatar wannan iko.