Daga Mahautan Melros Zuwa Dandalin Langa

Da yawa daga cikinmu sun taɓa jin labarin ƙwallon zari-ruga, watau wasan nan da Turawa ke rungumar ƙwallo mai siffar ƙwai su sheƙa a guje, abokan hamayya na bin su suna kayarwa. A ƙa'ida kowane ɓangare mutum 15 ne. To, akwai ƙaninsa na mutum bakwai-bakwai, wanda ake yin minti bakwai a juya a ƙara bakwai, shi ne nake so mu waiwayi asalinsa.

A 1883 ne ƙungiyar zari-ruga ta wani ɗan ƙaramin gari mai suna Melros, a ƙasar Sikotlan, ta sami kanta cikin rashin kuɗi. Sai wani yaron mahauci, Ned Haig, da maigidansa David Sanderson suka kawo shawarar a gayyato ƙungiyoyin maƙwabta a yi gasa ta yini ɗaya, a karɓi kuɗin shiga. Da yake ba zai yiwu mutum 15 su yi ta karawa tun safe har yamma ba, sai aka rage 'yan wasa, aka taƙaita lokaci. Matan garin suka ba da kofi, Melros ta doke Gala a wasan ƙarshe. Ashe talauci ne ya haifi wasan.

Daga nan sai abu ya yi ta bunƙasa. Aka fara gasar Hong Kong a 1976, aka yi gasar cin kofin duniya ta farko a Edinbara a 1993, kofin kuwa har yau sunan Melros yake ɗauke da shi. Ingila ce ta ci, kyaftin ɗinta Andrew Harriman kuma haifaffen Legas ne. A 2016 wasan ya shiga Olamfik a Burazil, inda tsibiran Fiji suka ɗauki zinare, lambar Olamfik ta farko ke nan a tarihinsu.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar mahauta. Mu a ƙasar Funtuwa da Malumfashi mun san dambe wasan mahauta ne tun kaka da kakanni. In an yi girbi, an kai auduga kasuwa, kuɗi ya shiga hannun manoma, sai a ji kalangu na tashi, 'yan dambe na bin gari-gari. Watau mu ma muna da lokacin wasa, da 'yan kallo, da masu yin kari.

Amma wasanmu da ya fi kama da zari-ruga shi ne langa. Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Bakori ko Ƙafur ya san ta. Samari kan rabu gida biyu da farin wata, kowa ya kama ƙafa ɗaya ta baya yana ɗingishi. A zaɓi mutum ɗaya ya zama ruwa, 'yan'uwansa su kewaye shi suna ture abokan gaba har ya kai inda zai sha. Wanda ya faɗi ko ya saki ƙafa ya fita. Ga bangaza, ga dabara, ga kare ɗan'uwa, ƙwallo kaɗai babu, domin mutum ne ƙwallon. Ni a ganina langa ta fi wuya, tunda da ƙafa ɗaya ake yin aikin da Bature ke yi da biyu.

To, me ya kai nasu duniya ya bar tamu a dandali? Mutanen Melros sun tsai da rana, sun rubuta doka, sun sa kofi, shekara ta zagayo suka sake. Maƙwabtanmu na Nijar haka suka yi wa kokawa, suka soma gasar ƙasa a Tawa a 1975, gwani ya tafi da takobi, har ta zama bikin da ƙasar ke jira. Langa ta sami shiga Bikin Wasanni na Ƙasa a Nijeriya cikin jerin wasannin gargajiya, tare da dambe da kokawa, amma a ƙauyukan da suka raine ta, yaran yanzu sun fi sanin sunayen 'yan ƙwallon Sifen da na Ingila.